Kifin Damina: Ɗan Ƙaramin Kifin da Ke Yin Binne

Duk mai bin hanyar kwalta daga Damagaram zuwa Maradi ya san Takeita, inda hanya ke rabuwa biyu, ɗaya ta miƙe yamma zuwa Tasawa, ɗaya ta gangara kudu zuwa Matamaye da iyakar Nijeriya. Nan ne mazaunin ƙaramar hukumar Garagumsa, kimanin kilomita 50 yamma da birnin Damagaram. Direbobin manyan motoci da fatake sun san ƙasar nan da fuska biyu. A watan Afrilu kududdufai da ƴan tabkunan da ke gefen hanya wayam suke, lakarsu ta bushe ƙamas ta tsattsage, har yaro yana iya zura hannunsa cikin tsagar. A watan Agusta kuwa wuraren nan su ne cike da ruwa, kwaɗi na ta kuka, shanu na sha, mata na wanki a bakin gaɓa. Kafin hunturu ya yi nisa ruwan ya janye, an koma gidan jiya.

A irin waɗannan tabkuna masu kwana kaɗan, tun daga Gambiya har ƙasar Cadi, akwai abin da ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai. Ga tabki babu kogin da ke shiga cikinsa, babu masuncin da ya zuba masa iri, ya yi wata takwas a bushe awaki na tattaka shi, amma ruwa na sauka da ƴan makonni sai a ga yara sun sa ƙwarya sun kamo kifi. Amsar da aka saba ji ita ce hadari ne ya zo da su daga sama. Masunta kuwa sukan ambaci gaiwa, wadda kowa ya san tana nutsewa cikin laka idan ruwa ya janye, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta yi ta shaƙar iska ta wata ƴar kafa har damina ta dawo. Wannan gaskiya ne game da gaiwa. Sai dai akwai wani kifin, wanda tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, da ya bi wata hanya dabam. Shi ba ya jiran damina mai zuwa. Tare da tabkin yake mutuwa, maza da mata, babu mai saura. Abin da ke jira a cikin laka ƙwai ne.

Turawa masu kiwon kifin ado suna kiran wannan dangi da suna kili, kalmar da ta fito daga harshen mutanen Holanda mai nufin ƙaramin rafi. Waɗanda ke rayuwar shekara guda daga cikinsu a Afirka da Kudancin Amurka ake samunsu, kuma a nan za a kira su kifin damina, tunda ita ce iyakar rayuwarsu. Da zarar sun balaga, namiji da tamace sukan gangara ƙasan tabki kullum su tura ƴan ƙwayaye cikin laka, kowanne bai kai girman ƙwayar gero ba, amma ɓawonsa mai tauri ne. Ruwa ya ƙafe, balbela da sauran tsuntsaye su tsince iyayen, saman laka ya bushe, ƙarƙashi kuwa akwai sauran ɗan danshi, kuma a cikinsa ƙwan zai kwana har wata bakwai ko takwas. Manomin Damagaram ba ya bukatar dogon bayani a nan. Binne ne, irin wanda yake yi da geronsa tun kafin hadari ya haɗu.

A shekarar 1972 wani masani ɗan Amurka mai suna John Wourms ya bayyana yadda abin yake gudana a cikin ƙwan. Ya nuna akwai zango uku da ɗan kifin ke iya tsayawa cak ya daina girma: na farko tun bai zama komai ba, na biyu lokacin da jiki ya fara siffa, na uku kuwa bayan ya kammala, ido da wutsiya, yana jiran ruwa kawai. Zango na biyu shi ne mafi tsawo da jure wahala. Wani abin mamaki kuma, ƙwayayen uwa ɗaya ba su tafiya tare. Wasu kan shirya da wuri, wasu su makara, wasu ma ruwan farko ya taɓa su su ƙi fashewa. Duk wanda ya taɓa shuka a ruwan farko na watan Yuni, rana ta dawo ta ƙone tsiron, ya koma rumbu neman sauran iri, ya san hikimar da ke cikin wannan.

Suna daga ƙasar Hausa

Abin da mai karatu zai fi so ya sani shi ne, ɗaya daga cikin kifayen nan da sunan wani wuri na ƙasar Hausa duniya ta san shi. A shekarar 1928 Ernst Ahl, masanin dabbobi na birnin Berlin, ya bayyana wani ɗan kifi da aka kamo a kogin Kiyawa, kusa da Katagum, a arewacin Nijeriya, ya raɗa masa sunan wurin. Yau a littattafan ilimi Pronothobranchius kiyawensis ake kiransa. Tsawonsa santimita 4 zuwa 5 ne. Namijin yana da sheƙi mai ruwan shuɗi da ɗigo-ɗigon ja a jiki da fukafukai, tamacen kuwa ruwan ƙasa ce, ba ta da wani ado. Ruwan Kiyawa tabkin Cadi yake nufa ta Komadugu, kuma ƙasar Damagaram ma a cikin kwarin tabkin Cadi take. Ƴan uwansa na kusa suna Gambiya da Gana, sannan a shekarar 2013 wani masani ɗan Italiya, Stefano Valdesalici, ya bayyana wani sabon nau'i daga kwarin kogin Kwara a Jamhuriyar Nijar, ya sa masa sunan Bafaranshen nan mai binciken dabbobi, Laurent Chirio.

Ba kowane rami mai ruwa ne ke riƙe su ba. Binciken da aka yi a gabashin Afirka da kudancinta ya nuna dangin nan baƙar laka mai kumbura da ruwa, mai tsagewa da rani, suka fi dogara da ita, domin ita ce ke ɓoye danshi a ƙarƙashi. A cikin rairayi ƙwan bushewa yake yi ya mutu. To, Garagumsa kamar yawancin Damagaram jigawa ce, kuma ruwan saman da yankin ke samu a shekara bai wuce kimanin milimita 400 ba. Ke nan wuraren da suka dace ƙalilan ne: gindin kwari, tsakiyar fadama, tsohon kududdufi mai laka. Mai son sanin abin da tabkin garinsu ya ƙunsa, ƙarshen Agusta da Satumba ne lokacinsa. Ya sa rariya ko guntun tsohon sange cikin ciyawar bakin ruwa, abin da ya kamo ya zuba a kwalba mai haske ya ɗaga ta sama. A cikin ruwan laka launin ba ya fita, shi ya sa mutum zai iya shekara arba'in a bakin tabki bai taɓa lura ba.

Yadda suke isa tabkin da ba ya haɗe da kowane ruwa kuwa, ambaliyar manyan damuna ita ce babbar hanya. A shekarar 2019 kuma masu bincike a Brazil suka nuna ƙwan wani kifin damina na can yana iya shiga cikin tsuntsun ruwa ya fito tare da kashinsa da rai. Ashe masu cewa daga sama kifin ke zuwa ba su yi nisa da gaskiya ba sosai.

A da, yawanci masu sha'awa ne suka damu da waɗannan kifaye. Yau likitoci ma sun shigo. A shekarar 1968 an kamo wani nau'i a gandun dajin Gonarezhou na ƙasar Zimbabuwe ta yanzu, aka sa masa suna Nothobranchius furzeri a 1971. A 2003 Valdesalici ɗin nan da abokin aikinsa Alessandro Cellerino suka ba da rahoton cewa ko da an ba shi kulawa ta sosai, kimanin wata uku yake yi ya tsufa ya mutu: launi ya dushe, baya ya tanƙware, kuzari ya tafi. Ɓeran da aka saba gwaji da shi yakan yi shekara biyu zuwa uku, don haka mai binciken tsufa ya sami dabbar da za ta nuna masa a wata huɗu abin da da sai ya jira shekaru. A 2015 cibiyoyi biyu, ɗaya a Jena ta Jamus ɗaya a jami'ar Stanford ta Amurka, suka fitar da cikakken bayanin ƙwayoyin gadonsa. A 2018 kuma masanan ƙasar Cek da suka bi tabkunan Mozambik suka tarar yana balaga kwana 14 bayan ƙyanƙyashewa. Ba a san wata dabba mai ƙashin baya da ta kai shi sauri ba.

Rani da damina a cikin ɗaki

Kiwon kifin damina a gida ba kome ba ne illa kwaikwayon shekara. A Turai da Amurka akwai ƙungiyoyin masu wannan sha'awa, ta Amurka tun 1962 aka kafa ta, Faransa ma tana da tata, kuma babban abin da ya haɗa su shi ne kifin nan ana aika shi ta gidan waya. Ba kifin ake aikawa ba, ƴar leda ce mai ɗauke da dusa mai danshi da ƙwai a ciki, a cikin ambulan kamar wasiƙa. Waɗannan mutane sai sun sayi na'urar ɗumama ruwa kafin su samar wa kifin yanayin da ma'aikacin Damagaram yake da shi a ɗakinsa kyauta.

Akwatin gilashi mai cin lita 20 zuwa 40 ya isa. A sa namiji ɗaya da mata biyu ko uku, domin maza biyu a wuri ƙarami faɗa za su yi ta yi har ɗaya ya halaka, namiji ɗaya kuma idan aka bar shi da tamace ɗaya zai gajiyar da ita da bi. A rufe akwatin da murfi, kifin yana tsalle. Ruwan famfo sai ya kwana ɗaya ko biyu a buɗaɗɗen bokiti maganin da ke cikinsa ya fita, ruwan rijiya mai daɗi kuwa babu laifi. Kowane mako a kwashe kashi ɗaya cikin uku a zuba sabo. Cutar da ta fi kashe su wata ce mai bayyana kamar an barbaɗa musu garin zinariya a jiki, kifin ya tsuke fukafukai ya yi ta goga jikinsa, kuma rigakafin da masu kiwo suka saba da shi gishiri ne, ƙaramin cokalin shayi ɗaya a lita huɗu ko biyar. Gishirin miya ake nufi. Wanda ya ce ai kanwa ma ƴar uwarsa ce ya zuba, da safe zai kwashe gawa.

Abinci shi ne inda mai kiwon nan ya fi na Turai sa'a, kuma shi ne inda ragwanci ke fallasa mutum. Kifin da zai girma ya hayayyafa cikin makonni ba ya ƙoshi, kuma abu mai motsi ya fi so: tsutsar sauro, jar tsutsar laka, ƙananan ƙwarin ruwa. Da damina duk waɗannan suna bayan gida, ko a tsohuwar tayar mota da ruwa ya kwanta. A ɗebo da rariya sau biyu a yini, a ba su abin da za su cinye nan take. Tsutsar da ta yi saura a kwano kada a bar ta ta kwana biyu, in ba haka ba maigida ya buɗe wa iyalinsa gonar sauro da hannunsa.

Sai wurin ƙwai. Turawa suna amfani da wata baƙar dusa ta ruɓaɓɓun tsirran fadamunsu, amma garin zaren ɓawon kwakwa yana yin aikin, in an tafasa shi an wanke sosai. A zuba shi a ƴar roba mai zurfi, a nutsar da ita a kusurwar akwatin, kifayen da kansu za su gano ta. Bayan mako ɗaya ko biyu a ciro, a juye cikin tsumma mai tsabta a matse a hankali, a baza a kan takardar jarida a inuwa har ya zama kamar garin taba mai ɗan danshi, wanda in an dunƙule ba ya ɗigar da ruwa, in an sake shi kuma ba ya tashi kamar ƙura. Daga nan a ƙulle a leda, a rubuta kwanan wata a jiki, a ajiye a wuri mai duhu. Wannan shi ne rani.

A nan ne wahalar Damagaram take. Zafin da ya dace da kifin da ƙwansa tsakanin digiri 22 ne da 28, alhali a watan Afrilu da Mayu ma'auni yakan haura 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. A cikin tabki laka ce ke yi wa ƙwan laima, a cikin leda kuwa ba shi da mai kare shi. Firji ya yi sanyi da yawa. Mafi dacewa shi ne gindin randa, a cikin ƙaramar tukunyar ƙasa da aka ɗora kan rairayi mai danshi, a ɗakin soro in da hali. Haka kuma wanda ya jiƙa ƙwai a bazara ya sa ƴaƴan cikin azaba, gara ya bi kalandar da kifin ya sani, ya jiƙa da faɗuwar damina, ya yi kiwo har kaka, ya tattara ƙwai kafin sanyin hunturu ya tsananta.

Tsawon jira ya danganta da nau'i da zafin wurin ajiya. Wasu wata biyu zuwa uku, wasu har wata shida. Ba a dogara da lissafi kawai, dubawa ake yi. A buɗe ledar a baza ɗan garin a farar takarda, a nemo ƙwai da tabarau mai ƙara girma. In ana ganinsa garau kamar ɗigon ruwa, da sauran lokaci. In kuwa ga idanu biyu baƙaƙe masu zoben zinariya suna kallon mai duba, to ɗan kifi ya kammala. A zuba garin a kwano mai faɗi, a kwarara masa ruwa mai ɗan sanyi zurfin yatsa biyu ko uku. Cikin ƴan sa'o'i, wani lokaci kafin a gama shan shayi zagaye na uku, sai a ga ƴan abubuwa kamar tsinken allura suna yawo. Tun ranar suke neman abinci, kuma koren ruwan da ya kwana a rana da ƙananan halittun cikinsa shi ne nonon farko, kafin su iya haɗiye ƙaramar tsutsa. Garin kuma ba a zubar da shi. A sake matsewa a mayar cikin leda, bayan mako uku ko huɗu a sake jiƙawa, masu taurin kan da suka ƙi ruwan farko za su fito.

Mai kiwo ya shirya wa abu ɗaya tun farko, musamman in da yara a gidan: kifin zai mutu, ko an yi masa me. Wata shida, wata takwas, in an yi dace shekara. Nasarar kiwon ba a tsawon ran kifin take ba, a yawan ledojin da ke gindin randa take.

Batun sauro da batun kuɗi

Kifin da ke fitowa daga laka rana ɗaya da faɗuwar ruwa, kuma abincinsa tsutsar sauro, dole ya ja hankalin ma'aikatan kiwon lafiya a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke cika asibitoci daga Agusta zuwa Oktoba. Tunanin ba sabo ba ne, tun zamanin mulkin mallaka aka kawo shi a Tanganyika, kuma gwaje-gwajen baya-bayan nan sun tabbatar kifin yana cin tsutsar ƙwarai. Ya kuma fi gambuziya, kifin Amurka da aka yi ta zubawa a ƙasashe da sunan yaƙi da sauro, ya koma yana cinye ƙwai da ƴaƴan kifayen gida. Amma kada a yi gaggawa. Bitar da masanan ƙungiyar Cochrane suka yi a 2013, suka sabunta a 2017, ba ta sami hujja mai ƙarfi ba cewa zuba kifi a ruwa yana rage yawan masu kamuwa da zazzaɓin. Dalili ɗaya a bayyane yake: sauron zazzaɓi yana hayayyafa har a sawun kofaton saniya da ruwa ya kwanta, inda babu kifin da zai zauna. Sange da maganin rigakafin yara na damina suna nan a matsayinsu.

Ɗan kasuwa kuwa tambayarsa ɗaya ce, ko akwai riba. Masu sha'awa a waje suna daraja kifin da aka san ainihin tabkin da ya fito, har sukan liƙa wa kowane iri sunan wurin da shekarar kamu, ba su kuma yarda a gauraya na wannan gari da na wancan. Sai dai kasuwa ce ƙarama, ta mutanen da suka fi son musaya da juna, kuma da ƙwai ya isa hannunsu sau ɗaya su ke nan sun sami iri. Fitar da irin halittun ƙasa zuwa waje ma ba a yinsa gaba gaɗi. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014 kuma Nijar na cikinta, ta ba kowace ƙasa iko a kan irin nata, don haka ofishin gandun daji da ruwaye shi ne ƙofar farko.

Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne tabkin kansa. Ayyukan raya karkara sukan yashe tabkuna a ƙara musu zurfi don ruwa ya kai rani, a zuba tarwaɗa da ƙarfasa, kuma ba mai musun amfanin haka ga tukunyar talaka. Amma tabkin da ya daina bushewa ya tashi daga gidan kifin damina, tarwaɗa ɗaya kuma ta isa ta share abin da ya rage. Ga masu feshin maganin fara da ƙwari da ke wanke kayan aikinsu a bakin ruwa. Ga kuma magina, waɗanda lakar da kifin ke bukata ita ce daidai wadda suke nema, kuma garuruwan bakin hanya irin Takeita kullum gini ake yi. Ba wanda zai hana mutum yin tubalin ɗakinsa. Abin da masu unguwa da hukumar gari ke iya yi shi ne a keɓe gefe guda na tabki a ce nan ba a haƙa, sauran kuma mai haƙa ya fara kankare saman lakar ya tara a gefe, in ya gama ya mayar cikin ramin. Ƙwan duka yana cikin ƴan santimitocin nan na sama, waɗanda shebur ke fara ɗauka a watan Disamba.